Usta Rasim, Mai Ɗaure Saƙo da Waƙa

In an sallame sallar asuba a Harami, mutanen lungunmu na unguwar Jarwal a Makka kowa da inda yake dosa. Wani ya bi layin sayen burodin tamis da waken ful, wani ya koma ya ƙarasa barcin da ya bari. Usta Rasim shagonsa yake wucewa. Ya ɗaga ƙyaure, ya fito da fitilun da aka dawo da su daga gidajen biki da na suna, irin manyan nan masu famfo da 'yan Makka ke ce wa atarik, ya jera su a kan tabarma. Ya zare ƙwan kowacce ya hura masa huci ya goge da tsumma, ya tsokale hancinta da siririyar allura, ya ɗura kananzir. Duk aikin nan baki a rufe yake yinsa, amma akwai wani karin waƙa da ke fita ta hancinsa a hankali, kullum shi ɗin ne, ba ya sake wani. Ni Mukhtaru tela, shagona na kallon nasa, kuma na sha jin karin nan har ƙafata ta koyi taka keken ɗinki da shi ba da izinina ba.

A ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Lantarki ya shigo unguwa, masu biki sun daina aikowa neman fitila, hannunsa kuma ya fara rawa. Shi ya sa na ajiye almakashi na ɗauki alƙalami. Ni ba gwanin rubutu ba ne, amma haushi nake ji a ce mutum irin wannan ya tashi daga bakin aiki, abin da aka sani game da shi kawai shi ne "Baturen nan mai fitila".

Ga wanda bai san shi ba, Usta Rasim dogo ne, fari sol, ga hanci, kansa duk furfura. Musulmi ne ɗan Musulmi, haifaffen birnin Zagreb a ƙasar Kuroshiya, can cikin Turai inda ruwa ke daskarewa don sanyi. Kafin yaƙin Jamus mawaƙi ne a can, kuma ba ƙarami ba. Shi ke tsara waƙoƙinsa, ya kaɗa wani ɗan abin kiɗa mai tsirkiya da ya ce sunansa tamburitsa, ya rera a gidajen shan gahawa da gidan rediyo. An buga muryarsa a faifan garmaho, samari na saye suna kai wa 'yan mata. Na taɓa tambayarsa waƙoƙin me yake yi, sai ya ce, "Na soyayya, Mukhtaru, da na rabuwa. Lokacin ban san rabuwa ba, daɗin baki kawai nake yi."

Da yaƙi ya zo aka kwashe shi ya riƙa yi wa soja waƙa, ba wanda ya tambaye shi ko yana so. Da yaƙin ya ƙare, sojan da ya yi wa waƙa su aka ci, sai ya tsinci kansa a bayan iyaka cikin 'yan gudun hijira, ana ta ba da labarin abin da ke samun irinsa in sun koma. Matarsa ta riga ta rasu. 'Yarsa tilo, Nafiya, wadda ko famfara ba ta gama ba, tana hannun wata ƙanwarsa a Zagreb. Bai koma ba, bai kuma rubuta ba, don a ganinsa takarda daga wanda ya gudu tana iya jawo wa mai karɓarta masifa. Daga wannan sansani zuwa wancan har Sham, daga Sham ya biyo alhazai. Tamburitsar a Jidda ya bar ta hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa, don an gaya masa garin da za shi ba a kiɗa a fili. Ya yi Hajji, wurin komawa babu, sai ya gangaro Jarwal inda ɗaki ke da araha. Haka ya faɗo cikinmu mu Takari, Hausawan Makka, ya koyi Hausa a bakin 'yan dako, shi ya sa har yau in ransa ya ɓaci maganarsa ba ta shiga masallaci.

To, gyaran fitila shi ne abincinsa, amma ba a kansa nake yi masa jinjina ba. Ku da kuka girma a nan kun san yadda iyayenmu suka zo: da ƙafa, ta Barno da Wadai da Sudan, ana noma a hanya, ana haihuwa, ana binne mutane. Komawar ma haka take. In aka ji wani zai koma gida, unguwa duk sai ta taru a kansa, kowa da saƙonsa na baki, don masu rubutu kaɗan ne, takarda kuma ba ta jure damina a cikin buhu. Matafiyi ya ce in sha Allahu, ya ɗauka. Kafin ya gama cirar auduga a Sudan ya tara guzuri, ya manta wa ya aike shi wurin wa, saƙon haihuwa ya cakuɗe da na rasuwa. Mun sha ganin haka, sai mu ce ƙaddara, mu yi shiru.

Wata rana Usta na zaune yana kallon wata tsohuwa tana nanata wa wani matafiyi saƙo, shi kuwa sai gyaɗa kai yake yi, idonsa na wani wuri. Usta ya kira su biyun bakin shago. Ya sa tsohuwar ta sake faɗa, ya datse maganar, ya bar sunan mutum da na gari da na unguwa da ainihin abin da ake so a sani, ya ɗora su a kan wani ɗan kari mai sauƙi. Ya rera ƙasa-ƙasa, ya sa matafiyin ya yi ta maimaitawa har ta zauna masa. Da mutumin zai tafi Usta ya ce masa, "Yanzu ko ka so ka manta ba za ta bar ka ba, za ta dame ka har ka kai ta."

Tun daga ranar abin ya zama al'ada. Ba mai barin Jarwal zuwa gida bai zauna a kan tabarmar nan ba, tsakanin fitilu, yana warin kananzir yana koyon waƙa. Kowane saƙo da nasa karin, don kada biyu su haɗu a kan mutum ɗaya. In ka kawo wa Usta wani abin hasafi sai ya ce ka ba matafiyin, shi ne mai wahala. Akwai waɗanda suka yi gunaguni, wai waƙa a garin Allah. Amma da yake babu ganga babu molo, kuma su ma masu gunagunin suna da uwa a gida, ba a jima ba sai ga su a layi suna sunkuyar da kai.

Kai ne, Usta, ka sa Lurwanu mai tsire ya san wansa na nan da rai a Birnin Kudu, bayan ya daɗe yana yi masa sadaka. Kai ne ka sa wata baiwar Allah a Gaya ta san mijinta ya kwanta dama a Mina, ta fita daga zaman jiran da ba ranar ƙarewa. Ba ka taɓa ganin garuruwan nan ba, wasu ma sai an faɗa maka sunansu sau uku kafin harshenka ya kama, amma muryarka ta shiga zaurukansu. Mai fitila, mai ɗaurin saƙo, mu muka gani da idonmu.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Inna Hadijatu mai gyaɗa, wadda ke zama a ƙofar ribaɗi, gidan nan na wakafi da ake ajiye tsofaffin mata marasa kowa. 'Yar Tasawa ce. Ita da mijinta Baraka suka fito, suka bar 'yarsu Rumasa'u da aka yaye hannun kaka, da niyyar su sauke farali su juya. Baraka ya rasu a hanyar Sudan, ita ta ƙaraso, ta zauna har kanta ya yi fari. Ba ta taɓa aika saƙo ba, kunya ta hana ta. Sai wata ranar la'asar, da aka ce wani Mahmudu zai tafi ta wajen Damagaram, ta dogaro sanda ta zo ta zauna a gefen tabarma.

"Usta, an ce kana ɗaure saƙo."

"Ina yi, Inna. Wa za a gaya wa?"

"Ban san ko tana nan ba. In ma tana nan, ban san ko tana son ji ba."

"Faɗa mini dai. Da me za ta gane ke ce?"

Inna ta murza bakin gyalenta, ta ce akwai tabon ƙuna a hannun yarinyar na hagu. Ta bar ta kusa da murhu ta je ɗebo ruwa, abin da ya faru ke nan. Usta ya gwada kari ɗaya, ya girgiza kai. Ya gwada wani, shi ma bai zauna ba. Sai ya rufe baki, ya fara wannan na kullum da yake yi da safe, ya buɗe baki ya ɗora maganar Inna a kai:

Rumasa'u ta Tasawa, ta bayan marina,
Uwarki na Makka, ba ta mutu ba.
Tabon wuta na hannunki na hagu,
Ni na yi sakaci, ki yafe mini.

Na tsayar da keke. Da suka watse na tsallaka lungu na same shi.

"Usta, wannan ai taka ce. Kullum ita kake yi."

"Ta kiran yarinya ce," ya ce, bai ɗago kai ba. "Tana nan zaune a bakina ba ta aikin komai. Bari ta je ta kira 'yar wani."

A ranar na fara sanin yana da 'ya. Ya ce Nafiya ya tsara wa waƙar. Baiti uku aka buga a faifai, ƙasarsu duk ta haddace. Amma akwai na huɗu da bai taɓa fita daga gida ba, wanda yake yi mata da safe in yana sa mata jajayen takalmanta, kyanwarsu na kwance a gindin murhu. Baitin a kan takalman yake da kyanwar. "Mu biyu kawai muka san shi," ya ce, "sai kyanwar, ita kuwa ba ta da surutu." Ya yi dariya, ni na kasa taya shi.

Shekaru suka wuce. Inna Hadijatu ta daina tambaya, idonta ma ya kusa rufewa, da murya take gane mai sayen gyaɗa. Sai wata ranar hantsi gab da Hajji, lungu cike da baƙi, ina fama da wuyan wata jallabiya, na ji karin nan yana tahowa daga bakin hanya da muryar mace. Ya ɗan sauya, ya yi nauyi irin na waƙar daka, amma shi ne. Wata mata ce da goyo, ƙafa duk kaushi, tana tsayawa ƙofa-ƙofa tana rerawa a hankali, mijinta na biye da ƙullin kaya. Ashe Mahmudu bai ma kai Tasawa ba, a Damagaram ya yi zamansa. Waƙar ce ta ƙarasa da kanta. Ya rera a kasuwa, wata mai fura ta ɗauka, 'yan mata suka mai da ita ta daka, har Rumasa'u ta ji sunanta da tabon hannunta a bakin wasu mata a bakin rijiya.

Ƙwan fitilar da ke hannun Usta ya faɗi ya tarwatse, bai ko dube shi ba. Ya fito ba takalmi ya ce wa matar, "Biyo ni, 'yata." Ya kai ta ƙofar ribaɗi. Inna ta kamo hannunta na hagu tana lalube har yatsunta suka sami tabon. Ba kuka ta fara yi ba, cewa ta yi, "Kin ci abinci?" Daga nan mata suka rufe su, ba ka jin komai sai salati da sheshsheka. Na waiwaya ina neman Usta, sai na hango shi ya koma shago yana tsince fasassun kwalabe da hannu. Wallahi tausayinsa da na ji a ranar ya fi farin cikin yawa, don waƙarsa ta je ta kirawo 'yar wani, tasa kuwa shiru.

Inna Hadijatu ba ta bar maganar ba. Ta sa aka kira mata Dawuda, shugaban 'yan dakon da ke yi wa wani muɗawwifi aiki, wato mai saukar da alhazai, kuma a gidan muɗawwifin 'yan ƙasashen su Usta ke sauka.

"Dawuda, ku ke ɗaukar akwatunan fararen nan?"

"Mu ne, Inna."

"To ku riƙa yi musu waƙar Usta in kuna hawa bene da kaya. Ba da baki ba, da hanci, yadda yake yi. In akwai wanda ya san ta, zai waiwayo."

Da labari ya kai wa Usta sai ya zo yana faɗa, wai shirme ne, za su jawo wa kansu magana a banza. Inna ta bar shi ya gama, ta ce, "Da ka ba ni waƙarka shawara ka yi da ni? Halas, shi ke nan, koma kan fitilunka." Ya koma yana ta zage-zagen 'yan dako ƙasa-ƙasa, amma bai sake hanawa ba.

Hajji ya zo ya wuce, wani ma ya zo ya wuce. Alhazan ƙasar tasu 'yan kaɗan ne ke zuwa, tsofaffi, ba su da yawan magana. Ƙattin nan na Dawuda sun yi ta yin waƙar da hanci a ƙarƙashin kaya, ba wanda ya waiwayo. Wani Baturke ya daka musu tsawa, wani kuma ya ba Dawuda ƙwayar magani, ya zaci ciwon haƙori ke damunsa. Usta ba ya tambaya, amma duk ranar da alhazai suka fara watsewa sai in ga ya daɗe a kan fitila ɗaya yana gogewa bayan ta riga ta yi fes. Inna Hadijatu ta rasu a hannun 'yarta ba ta ga ƙarshen abin ba.

Sai Hajjin da ya wuce. Bayan azahar, rana na dukan kwano, na hango Dawuda yana sassarfa, riƙe da hannun wani tsoho fari mai gajeren gemu. Ya ce a kan matakalar bene tsohon ya cafke masa hannu, ya buɗe baki ya ƙarasa waƙar da kalmomin da shi Dawuda bai taɓa ji ba. Usta ya miƙe. Suka yi magana da harshensu, wanda ban taɓa jin sa a bakinsa da tsawo haka ba, har muryarsa ta koma ta wani mutum daban. Daga baya ya fassara mini. Tsohon ya ce tsohuwar waƙa ce, duk sa'anninsa sun san ta, an daina jin ta bayan yaƙi, mai ita kuma an ce ya mutu. Amma kwanan baya wata yarinya ta fara rera ta a rediyo, bai riƙe sunanta ba.

Usta ya roƙe shi ya yi ta yadda yarinyar ke yi. Tsohon ya gyara murya, ya yi ƙasa da ita don mutanen lungu. Ya yi baiti na ɗaya, ya yi na biyu, ya yi na uku, Usta na gyaɗa kai idonsa a ƙasa. Na ga ya ja numfashi zai yi godiya, sai tsohon ya ci gaba. Ni ban san harshen ba, amma na ga tsohon ya nuna takalminsa yana murmushi, ya kuma yi alamar wutsiyar kyanwa da hannu. Usta ya dafa ƙyaure ya zame ya zauna a ƙasa cikin fitilunsa. Ya ɗago mini yatsu huɗu, ya ce da Hausa, "Tana da rai, Mukhtaru. Ba ta manta ba." Dawuda, ƙaton nan da ke ɗaukar akwati biyu a ka, ya juya mana baya yana share fuska da rawaninsa.

Kafin tsohon ya tafi Jidda, Usta ya zaunar da shi a kan tabarmar nan da ya zaunar da matafiyanmu, ya tsara baiti na biyar, ya sa shi ya yi ta maimaitawa har ya zauna. Takarda dai har yanzu bai yarda da ita ba. Tsohon ya yi alkawari zai je gidan rediyon ya nemi yarinyar ya rera mata. Na tambayi Usta me baitin ke cewa. Ya ce, "Ba wani abu. Na ce mata ina Makka, unguwar Jarwal, lungun teloli, ta tambayi mai fitila."

Usta Rasim, ka ɗaure saƙonmu shekara da shekaru, naka na ƙona ka a ciki ba ka taɓa ɗora mana shi ba. Ka zo mana baƙo daga ƙasar da ba mu iya nunawa da yatsa, ka zama ɗan'uwa, ka haɗa uwa da 'ya da abin da ya fi komai tsada a wurinka. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka kwana da lafiya, ya nuna maka fuskar da kake jira. Ku kuma samarinmu da Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinku, ku dubi mutumin nan. Kowa na da ɗan abin da ya iya, kada ya bari ya zauna masa a baki alhali maƙwabcinsa na bukata.

Sai roƙo ɗaya da nake da shi ga duk mai karanta wannan. Shagon zai rufe, kuma abin da ke hana Usta sukuni ke nan, don a baitin nan ya ce a tambayi mai fitila. In Hajji ya zo kuka ga wata farar mace a Jarwal tana tambayar mai fitila da Larabcin da bai nuna ba, don Allah kada wani ya ce mata an daina wannan sana'a. Ku kawo ta shagona. Usta ya sayar da sauran fitilun duka, ya riƙe guda ɗaya ya ƙi rabuwa da ita, ya roƙe ni in bar shi ya rataye ta a ƙofata. Na kafa mata ƙusa, na ajiye masa kujera a ƙarƙashinta, tana kallon bakin lungu ta inda motocin Jidda ke sauke mutane.